Babbar Riga a Zafin Naif

Saurayin nan ba ya gaida manya, kuma bai damu a sani ba. Na tarar da shi yana zaune a shagon tura kaya zuwa gida a Naif, unguwar 'yan kasuwa a ƙasar Larabawa, cikin babbar riga duk da zafin nan. Bai kai talatin ba, amma wuyansa ya tsotse, gashin girarsa ya zube. Mai shagon ya ce ciwon dajin hanji ne. A zamaninmu tsofaffi yake kamawa. Ina zargin taliyar leda da lemon kwalba, amma likitoci ma ba su tabbatar ba.

Uwarsa ta kira shi ta bidiyo daga Kano. Ya baza rigar, ya janyo hula, ya miƙo mini wayar.

"Hajiya, riƙe mini daga nesa, kada ta gan ni sosai."