Faya-fayan Kawu

Jiya da azahar cunkoso ya riƙe ni a unguwar Aziziya, nan ƙasar Larabawa, bayana duk ya ƙage. Baturen da nake wa direba ya kunna tsohon kiɗan rok, sai na tuna Kawuna, mai gyaran rediyo a Jos. Shagonsa kullum ƙaurin dalma yake. Yakan goge faifai da hannun riga, ya ce, "Ɗana, rabu da mai ihun nan, saurari mai ganga. Shi ke ɗauke da kowa, amma ba a tafa masa."

Da ya rasu bara, kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar nan, ya hana ni hutun zuwa gida. A waya na ji an binne shi.

Baturen ya tambaya ko ya rage sauti. Na ce ya bari.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya hutar da kai.