Maharazu da Ruwan Shuka

Ummukulsum ta fara jin sunan Maharazu a bakin kakarta, Iya. Duk ranar da hadari ya haɗo daga gabas, sai tsohuwar ta ɗaga kai ta ce yau kuma Maharazu ba zai ci tuwo ba. Sai da ta yi wayo ta gane ashe Kawunta ake nufi, autan Iya, mutumin nan mai ƙarancin magana.

Magini ne tun yana saurayi. A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, wani ɗan kwangila, Alhaji Kabo, ya sami aikin gina sabuwar tashar mota a wani gari da ke hanyar Kongolam, ya ɗora Maharazu a kan leburori. Sharaɗin ba shi da tsawo: a gama rumfar fasinjoji kafin damina, in aka saɓa a ƙwace aikin. Don gudun tashin farashi, Alhaji ya sayi siminti gaba ɗaya, aka jibge shi ƙarƙashin tamfol.

Sai tifar tsakuwa ta yi ta latti, rodi ma bai zo da wuri ba. Maharazu ya san abin da Alhaji bai damu ya sani ba daga can Katsina inda yake zaune: leburorinsa duk manoma ne. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ko zinariya za a ba su, ba wanda zai ɗauki kwanon kankare. Shi kansa yana da gona a bayan gari.

To, ruwa ya ƙi zuwa a shekarar. Mutane na kuka, shi kuwa yana samun ƙarin kwanakin aiki. Ya rame, ya daina kallon mutane ido cikin ido. Saura zuba kankaren rufi kaɗai liman ya sa aka yi shela: gobe kowa ya fita filin idi roƙon ruwa.

Ya fita, don ba yadda za a yi a rasa shi. Ya tsaya a sahu tsakanin leburorinsa. Liman na addu'a, dattawa na hawaye, fili ya ɗauka da amin. Ya'u, mai kwaɓa masa siminti, ya zungure shi ya ce, “Oga, ɗaga murya mana, ko naka amin ɗin ma sai tifa ta kawo?”

Maharazu ya motsa leɓe, amma amin ɗin bai fito ba.

Washegari da la'asar aka kece da ruwa. Gari ya waye babu lebura ko ɗaya a tasha. Iska ta yaye tamfol, siminti ya sha ruwa ya zama dutse. Aka ƙwace aikin, Alhaji Kabo ya ɗora masa laifin duka, tun daga nan babu ɗan kwangilar da ya sake nemansa. Geronsa kuwa a shekarar ya yi kyau har rumbu ya kasa ɗauka.

Lokacin da Ummukulsum ta gama sakandare, ta je gaishe shi. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ba ta labarin, sannan ya rage murya.

“Ummu, ke da kike zuwa Islamiyya, ki tambayar mini malamarku. Kada ki faɗi sunana. Mutumin da ya tsaya a sahu ana roƙon ruwa, zuciyarsa na roƙon a jinkirta, geron da ya ciyar da iyalinsa a wannan shekarar, halal ne?”