Kogin da Baffa Bisada Ya Bar Mini

Ranar Juma'a 17 ga Janairu, wato 9 ga watan Tuba a kalandar majami'armu, Allah ya karɓi ran Baffa Bisada, mai zanen hotunan majami'a a garin Akhmim. Saura kwana biyu idin baftismar Almasihu.

Baffa, ni ce Damiyana, wadda ta shigo shagonka da takardar jami'a tana neman koyon zane. Ka dube ni ka ce, "'Yar boko, kin iya fasa ƙwai?" Ka koya mini raba gwaiduwa da farin ƙwai, da kwaɓa launi da ita. Duk ranar idin nan sai ka tura mini kwanon gwazar da muke ci bisa al'ada kana cewa, "Ci, wanda bai ci ba gobe zai tashi babu kai a wuyansa. Naki kan ma na jami'a ne, asara!"

Hoton baftisma na majami'armu shi ne aikinka na ƙarshe. Ka gama Yohanna Mai Baftisma, ka gama kurciya, ka gama kifaye huɗu na Linjila huɗu. Kogin Urdun kaɗai ya rage, domin ba ka taɓa zana shi sai da ruwan da aka yi wa addu'a a jajibirin idi. Har yanzu nakan ga kifayen nan a mafarki suna iyo a kan busasshen katako, suna jiranka.

Bishop zai shafa wa hoton man tsarkakewa a ƙarshen wata, daga nan kuma alƙalami ba ya sake taɓa shi. Limamin majami'armu, Abuna Yustus, ya kawo ruwan a kwalba ya ajiye a gabana don in zana kogin. Na ji tsoro. Na auna, na sake aunawa, duk da haka layukan kogin suka karkace kusa da ƙafafun Almasihu. Na zauna ina kuka.

Matarka, Inna Ansaf, ta shigo cikin baƙaƙen kaya, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "'Yata, a ina kika taɓa ganin ruwa a miƙe? Kar ki gyara." Ban gyara ba.

Ubangiji ya ba ka hutawa a aljannar ni'ima, ya gafarta maka. Ya ta'azantar da Inna Ansaf, da ɗanka Wisa, da jikarka Yuwanna, wadda za a fara yi wa baftisma a ƙarƙashin wannan hoton.