Talabijin ɗin Maman Nkechi

A gidanmu na Katako, da an idar da sallar magariba kakarmu Iya za ta sa a ciko mata kaskonta da garwashi. Sanyin Jos ba ya jiran dare ya yi nisa. Mu yara mu kewaye ta, kowa ya binne dankalinsa a toka yana gadi, don akwai ɓarayin dankali a cikinmu kuma ni ce shugabarsu. Iya takan gyara zama ta ce ga wata tatsuniya nan tafe, a buɗe mata ƙofa, mu kuma mu amsa da cewa ta shigo ta sha ɗumi. Ban taɓa jin daɗin wani wuri a duniya kamar gefen kaskon nan ba.

Babana, Malam Sule, gyaran rediyo da talabijin yake yi a wani ɗan shago kusa da kasuwar Terminus. Iya ba ta faɗin sunansa saboda ɗan fari ne, sai ta ce Injiniya, da wata murya wadda ba ka gane yabo ne ko tsokana. Abin dariya, mu ba mu da talabijin, kuma Baba ba ya yarda a kunna na mutane don kallo. Duk layinmu guda ɗaya ne, na maƙwabciyarmu Maman Nkechi, wata Inyamura mai shagon kayan masarufi. Baƙi da fari ne, mai ƙofofin katako da ƙafafu huɗu, irin wanda sai kwalaben wutar cikinsa, waɗanda masu gyara ke kira bawul, sun yi ɗumi kafin hoto ya fito.

’Yarta Nkechi ƙawata ce. Wata shekara gidan talabijin ya ɗauki rawar ’yan makarantarsu, aka ce za a nuna ranar Asabar da ƙarfe biyar na yamma, sau ɗaya tak. Maman Nkechi ta gayyaci matan cocinsu da danginta na unguwar Daɗin Kowa. Sai talabijin ya fara iskanci. A kunna shi ya yi rabin awa lafiya lau, daga nan hoto ya tsuke ya koma ɗigo, wari ya tashi, ya mutu. Sau biyu Baba yana gyarawa yana mayarwa. Har gidan ya je ya duba waya da eriya, ya tarar da falo tsaf, an shimfiɗa wa talabijin ɗan farin leshi a ka, bai ga komai ba. Ranar Laraba aka sake kinkimo shi a baro, wannan karon zuwa gidanmu. Baba ya canza abin da ya ƙone, ya bar shi a kunne wuni guda, ko tari bai yi ba. A layi an fara raɗe-raɗin wai yana cire kaya masu kyau yana sa tsofaffi. Na ga ya daina cinye tuwonsa, abin ya dame ni ƙwarai.

Da yammacin Alhamis Maman Nkechi da ’yarta suka shigo jin labarin aiki. Baba na bakin ƙofar ɗakinsa, ya buɗe bayan talabijin yana ta kallonsa, dalma na hayaƙi a gefe. Iya ta matsa ta ba baƙuwa wuri kusa da kasko, ta ce ta zauna, ’yata, yau tatsuniyar ta manya ce.

Ta ce a wani gari an yi wani gyartai, wato mai ɗinkin ƙwarya, wanda idan ya ɗinke tsaga ko ruwa ba ya gane hanya. Wata mata ta kawo masa ƙwaryar nono da ta gada wurin uwarta. Ya ɗinke, bayan kwana uku ta dawo da sabuwar tsaga. Ya sake ɗinkewa, ta sake dawowa. Mutanen gari suka ce hannunsa ya mutu. Rannan ya bi ta ƙofar gidan matar ba tare da ya aika ba, ya roƙi ruwan sha. Yana zaune sai ya ga ta ɗauko ƙwaryar ta goge ta da gefen zaninta, ta kife ta a kan dutsen murhu. Ya tambaye ta dalili, ta ce sauran ƙorai su kwana a waje, amma wannan ta uwarta ce, ba za ta bari raɓa ta taɓa ta ba.

Iya ta dakata ta juya dankali. Ta ce, “Ku kuna cewa wawuya ce ko? To ba wawuya ba ce. Duk garin nan ba wanda ya kai ta riƙon amana.” Ta ce gyartai ya gaya wa matar haka, sannan ya ƙara da cewa ƙwarya a fili aka haife ta, iska take so, zafin murhu ne ke fasa ta. Matar ta rataye ta a bango, har jikokinta suka sha nono a ciki.

Muna shirin neman ƙari sai muka ji Maman Nkechi ta tuntsire da dariya, ta dafe kai da hannu biyu.

“Oga Sule,” ta ce, “ni ne matar ƙwarya. Wannan telebishin yana daɗe kafin ya tashi, na ce sanyi ne. Ina rufe shi da blanket, gaba da baya, sai fuska kawai. In baƙo zai zo na cire, na sa leshi.”

Baba ya ɗago kai a hankali. Ya juya akwatin ya nuna mata ramukan da ke bayansa, ya ce ta nan yake numfashi, bawul kuma da kansu suke hura wutarsu. Sai shi ma dariya ta ƙwace masa, irin wadda rabon da mu ji ta an yi mako. Iya kuwa ko a jikinta, tana ta ɓare dankali, ta ce ita tatsuniya kawai ta yi, Injiniya ya ci gaba da aikinsa. Sai da na girma ta gaya mini cewa ranar Talata ta leƙa gidan Maman Nkechi sayen gishiri ta ƙofar baya, ta ga bargon da idonta.

Ranar Asabar falon ya cika har taga. An janye talabijin daga bango, tsirara, ba ko leshi. Nkechi ta fito a layi na biyu, ba ta fi minti ɗaya ba, rabin fuskarta ma wata doguwa ta tare. Ihun da aka yi ya isa kasuwar katako. Maman Nkechi ta riƙa gaya wa baƙinta labarin bargo da bakinta, tana nuna Baba tana cewa ba mai gyara kamarsa a Jos.

Yau ni ce a kan bencin Baba. Gyaran waya ne ke ciyar da ni, amma a bayan shago ina tayar da tsofaffin talabijin masu baƙi da fari, waɗanda mutane ke kawowa don na iyayensu ne. Ina goge katakon, ina bin tsofaffin masu gyara neman bawul, kuma in hoto ya fito sai in ji kamar an yi mini kyauta. Na daɗe ina zaton darasin Iya shi ne ka je ka ga inda kaya ke zama kafin ka buɗe shi. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba.

Kwanakin baya wani tsoho ya kawo mini nasu, wanda marigayiya matarsa ta shigo da shi gidansa. Ina buɗewa na ga ruwa kwance a ciki da kumfar sabulu. Wai ya ji kunyar kawo mini shi da ƙura, ya wanke shi ciki da waje. Ni kuwa bakina ba shi da birki, har maganar ta iso kan harshena. Na dube shi, ya ƙanƙame hularsa yana jiran hukunci. Na haɗiye ta, na ce, “Baba, ban taɓa karɓar talabijin da aka kula da shi kamar wannan ba. A bar mini shi ya sha iska mako biyu.”

Ya saki hular, ya ja kujera ya zauna, ya fara ba ni labarin ranar da aka kawo masa matar tasa amarya.