Sun Sallame Ni, Sun Riƙe Muryata

Jiya da la'asar ina zaune a shagon aski a Mpape, Danjuma mai shagon ya ɗora mini inji a ƙeya ke nan, sai na ji muryata ta fito daga talabijin: "Ku kasance tare da mu, nan ne gidan ƙwallo."

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sharhin wasanni da Hausa a wannan tashar. Watan jiya aka sallame mu, mu da yawa, wai masu biyan kuɗin kallo sun gudu. Ranar da aka miƙa mini takarda, oga ya roƙe ni in naɗa musu wannan tallar kafin in ajiye katin shiga. Don kunya, na naɗa.

Danjuma ya kashe inji. "Oga, ai kai ne wannan! Kai za ka yi mana wasan Asabar?"

Na ce, "Sun kore ni, Danjuma."

Ya dubi talabijin, ya dube ni. "Sun kore ka, kuma kai ne kake kiran mu mu zo?"

Ya ce dama shi ma daga ƙarshen wata ba zai ƙara biya ba, yanzu kowa a wayarsa yake kallo.

Na san kasuwa ta faɗi, ban musa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne har gobe ina yi musu aiki, iyalina kuwa ba sa gani a tukunyarsu.

Ku da aka taɓa sallama, me suka riƙe naku bayan kun fita?