Fentin da Ziblim Ya Yi wa Motarsa

Ziblim Badagombe ne, daga wani ƙauye kusa da Yendi. Ya sauka Akra a shekarar 1951 da riga ɗaya da baƙar zuciya, ya yi dako a kasuwar Makola har gashin tsakiyar kansa ya ƙare. Shekara bakwai yana shan garin rogo da ruwa, ba ya ba kowa, ba ya roƙon kowa, sannan ya sayi wata tsohuwar motar burodi mai launin toka. Ya sa mata benci biyu, ya fara jigilar 'yan kasuwa daga unguwar Nima zuwa Makola.

Abin da ya jawo masa masifa kuwa kirki ne, wanda ya yi sau ɗaya bisa tsautsayi. Wani maƙwabcinsa ya rasu, ga makabarta da nisa, sai ya ce a sa makarar a motarsa. Shi ke nan fa. Mutanen zango, Allah ya shirye su, in ka yi musu abu kyauta yau, gobe ya zama dole. Duk wanda ya mutu, daga Nima har Maamobi, sai a aiko a ce a cire benci a kawo mota. Ko kuɗin mai ba mai ba shi. Iyakarta "Allah ya saka da alheri", kuma wannan ba a zuba shi a tanki.

Matan ƙabilar Ga masu kifi da tumatir, waɗanda su ne ke biyan kuɗin kaya, suka shaida motar. Da sun hango launin tokar nan sai su kau da kai su tofar da yawu. Motar gawa ce, in ji su, wa zai ɗora abin sayarwa inda aka shimfiɗe mamaci? Ziblim yakan yi rabin wuni a tasha, motocin bayansa na cika suna wucewa. Ya ga in aka ci gaba a haka, dako zai koma da furfurarsa.

Ya kai motar unguwar Lagos Town wurin wani Bayarabe, Abdulsalami mai fenti. Mutumin ya zagaya ta, yana tsokanar tsatsa da farce yana tsaki.

"Fam goma sha huɗu," in ji shi.

"Fenti zan saya ko sabon mota?"

"Massa, mota naka tsatsa ya cinye shi duka. Sai na kankare, na toshe rami, na shafa sau biyu. In ba ka so, je ka saya buroshi."

Ziblim ya zage shi da Dagbanci, shi kuma ya rama da Yarbanci, kowa ya fahimci ɗan'uwansa sarai. Ba a rage ko sisi ba. Rediyon Ziblim ta tafi kasuwa, ragon da yake kiwo don layya ya bi ta. Matarsa Zelia ta yi kwana uku tana dangwarar masa da kwanon tuwo ba magana.

Mota ta fito rawaya shar, sai sheƙi. Matan Ga ba su gane ta ba, ko kuma sun ga dama sun manta. Mako biyu tana tashi a cike.

Wata Talata da safe Imoro ya rasu, wani tsohon mai gadi da ba shi da kowa a Akra. Liman ya aiko Jalilu ladan.

"Malam Ziblim, an yi rasuwa. Liman ya ce ka kawo mota."

"Mota na ya daina wannan aiki."

"Subhanallahi! Musulmi ne fa."

"Ranar da na biya mai fenti, Musulmi nawa ya ba ni kwabo? Kuna da kafaɗa, ku ɗauka."

Jalilu ya dube shi sama da ƙasa, ya juya ya tafi.

Da hantsi Ziblim ya cika motarsa da mata da kwanduna, ya kama hanya. Hanyar kuwa ɗaya ce, kuma matsattsiya: kwata a dama, rumfuna a hagu. Bai yi nisa ba sai ga makarar Imoro a gabansa bisa kafaɗun mutane. Ya danna hon. Ba wanda ya matsa. Jalilu ya waiwayo, ya faɗi wata magana, sai jama'a suka bazu suka cika hanyar, suka kuma rage sauri. Da gangan suka yi, kowa ya sani.

Ba wurin wucewa, ba wurin juyawa. Ziblim ya sa giya ta ɗaya yana bin su a baya, haushi kamar ya kashe shi. Mutanen bakin hanya suka riƙa miƙewa saboda gawa, suna nuna rawayar motar da baki.

Wata mai kifi ta bubbuga jikin motar da ƙarfi.

"Dreba, tsaya! Ashe kai ne mai motar gawa!"

Ta sauke kwandonta da kanta. Ta kusa da ita ma ta sauka, sai ta bayanta, har benci biyun suka zama wayam.

A mararraba masu makara suka karya hagu, ko mutum ɗaya bai waiwayo ba. Ziblim ya kashe inji, ya zauna shi kaɗai cikin warin sabon fenti.