Shekarar da muka koyi matsar man gyaɗa

An kai ni ɗakin miji bayan kaka, daga Getso zuwa wani gida a bakin garin Kabo. Ɗaki ɗaya ne da rumfa, sai ɗakin Inna, mahaifiyar maigidana, a ɗaya gefen tsakar gida. Maigidan a lokacin yana da gidan kallo kusa da tasha: zagayen langa-langa, talabijin, janareta ƙarami da bencina. Samari na zuwa kallon ƙwallo da finafinai, da abin da yake samu a nan aka yi lefena.

Shekarar ce ake ta maganar Shari'a ko'ina. Shi ma ya bi ayari zuwa Kano ranar babban taron, ya dawo muryarsa a dishe don kabbara. Ko lallen ƙafata bai gama gogewa ba dattawan unguwa suka aiko a kira shi. Ba su yi masa faɗa ba. Sun ce yara na barin makarantar allo suna leƙe ta ramukan langa-langa, kuma zamani ya sake, gara ya rufe da hannunsa kafin a zo a rufe masa. Da la'asar sai ga shi da kura an lodo bencina.

Na ce, “Malam, lafiya?”

Ya ce, “Lafiya lau. An rufe ke nan. Gaskiya suka faɗa.”

Ya jera bencinan a jikin katanga, ya shigo da talabijin ɗaka ya rufe ta da tsohon zanena.

Abin da ba wanda ya gaya mini kafin aure shi ne yadda ake zama da namiji a gida da rana. A gidanmu Baba yana fita da hantsi, sai azahar. Nan kuwa ga mutum zaune a rumfa tun safe, ni ban saba da shi ba, shi bai saba da zama ba. In na yi shara sai ya ɗaga ƙafa. In na ɗora tukunya sai na ji idonsa a bayana. Ba mugu ba ne, bai dai san inda zai sa kansa ba. Ya nemi aikin lebura a Gwarzo, ya nemi kwandastan mota, ko'ina a ce masa ai motocin ma suna layin mai tun shekaranjiya.

Kayan garata muka riƙa ci. Shinkafa ta fara ƙarewa, sai taliya, sai manja. Kananzir ya ɓace daga gari, rishon da aka jera mini sabo ya zama wurin ajiye kwanuka. Itace ya yi tsada, wata safiya na ga maigida ya ɗauko benci ɗaya ya sa gatari. Hayaƙin fenti ya cika mini ido, tuwon ranar ma warinsa yake yi.

Inna ce ta gaji da kallonmu. Ta kira ni ɗakinta, ta nuna mini buhun gyaɗar da ta samu daga gonarta ta Gude.

Ta ce, “'Yar nan, kin iya matsar mai?”

Na ce, “A'a, Inna. A gidanmu saya muke yi.”

“To za ki iya. Ni hannuna ya mutu, amma bakina bai mutu ba.”

Haka muka fara. A soya gyaɗa a kasko, a murje, a bakace, maigida ya kai inji a niƙo. Sai babban aikin: a zuba a turmi, ana ɗiga ruwan zafi ana juyawa da taɓarya har man ya taso. Inna na zaune a kan tabarma tana cewa, “Ƙara ruwa. A'a, ya yi yawa. Juya, kar ki tsaya, in kin tsaya zai koma.” Bayan an kwashe mai, a mulmula tunkuzar a soya ƙuli-ƙuli. Kafin azahar kafaɗuna sun yi nauyi, tafin hannuna ya yi ƙuraje ya fashe. Zannuwan lefena duk suka ɗauki ƙaurin mai, wanki da sabulu ba ya fitar da shi.

Wata rana ina juyawa sai hannuna ya ƙi. Na jingina taɓaryar, na zauna a ƙasa, hawaye na zuba ba tare da na yi niyyar kuka ba. Maigida ya tashi, ya je ya saka sakatar ƙofar zaure, ya naɗe hannun riga ya kama taɓaryar.

Inna ta ce, “Kai, aikin mata ne fa.”

Ya ce, “Inna, an rufe ƙofa.”

Bai iya ba. Ƙarfi yake sawa kamar mai daka, ƙullun na fantsama a rigarsa. Na ce masa a hankali ake yi, da kewayawa. Ranar ce na fara gyara masa abu, shi kuma ya ji. Daga nan kullum sai ya saka sakata, mu karɓi juna, shi ya juya ni in kwashe. Ba hira muke yi ba. Iyakar maganar, “Miƙo ruwan,” ko “Ya taso?”

Sayarwa kuma shi ne. Ni amarya ba na fita, Inna ba ta yarda da ɗora wa 'ya'yan mutane talla ba. Sai ya ɗaure jarkar mai a bayan keken aro, ya tafi kasuwar Gwarzo, don a Kabo yana jin kunyar samarin da suka san shi da gidan kallo. Ƙuli-ƙulin kuwa matan maƙwabta ke aikowa su saya a gida.

Akwai wata ranar kasuwa da muka tara man mako guda cur. Na so in an sayar a kai ni Getso in ga mahaifiyata, ya kuma yi mini alkawari. Kafin la'asar ya dawo yana jan keken a ƙasa, wandonsa sharkaf da mai, gwiwarsa na jini. Wata babbar mota ce ta matse shi, ya faɗa gefen titi, jarkar ta fashe. Ya ce ya yi ƙoƙarin tarewa da hularsa.

Na tsaya ina kallon jarkar. Ina jin ya kamata in yi fushi ko in yi kuka, amma ba ni da ƙarfin ko ɗaya. Na ce, “Sannu.” Na ɗora ruwa, na gasa masa gwiwar. Ya ce, “Ki yi haƙuri, amarya.” Na ce, “Allah ya tsare gaba.” Muka ci tuwon dawa da miyar kuka, muka yi sallah. Washegari na auno gyaɗa na ɗora kasko.

Getso ban je ba sai da damina ta faɗi, lokacin ina da ciki, ƙaurin suyar gyaɗa na tayar mini da zuciya. Mahaifiyata ta kama hannuna ta juya shi, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, “Yana dukanki ne?” Na ce a'a. “Yana hana ki abinci?” Na ce a'a, abin da ya samu tare muke ci. Ta ce to in gode wa Allah. Na kwana biyu a can, yawancinsu barci na yi.

Da na koma na tarar ya sayar da janareta, ya karɓi noman gonar Inna, ya yi baƙi ya rame. Matsar mai kuwa ba mu bari ba sai bayan haihuwata ta uku, da ya samu aikin awo a wurin wani mai sayen hatsi.